Haɗin Waya: Inda Wutar Solarmu Ke Cin Amanarmu

Masu yawon teku a ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, a Ingila da Faransa da sauran ƙasashen gaɓa, suna da wata na'ura da ke riƙe musu tuƙi. Tsawonta bai fi kamu ɗaya da 'yan kai ba. A cikinta akwai kamfas da ɗan injin lantarki. A maƙala bakinta a sandar tuƙi, ta riƙa turawa tana ja, jirgi ya miƙe inda aka saita shi, matuƙi ya samu sararin cin abinci ko gyaran igiyoyi. Kamfanoni irin su Raymarine da Simrad ke ƙera ta, da batir mai bolt 12 kuma take aiki. Daga cikin abubuwan da kan kayar da ita akwai filogin da ke kai mata wuta. Yana fili, ruwan gishiri na dukansa, haƙoransa su yi tsatsa kore, waya ta karye daidai wuyansa. Na'ura mai tsada ta mutu a tsakiyar teku saboda abin da bai kai babban yatsa ba.

Mu a Kwarbai, cikin birnin Zariya, ba mu da teku, amma ciwon nan yana cikin gidajenmu. Tun da ƙarancin wuta da tsadar fetur suka tura mutane sayen sola, rufin gidaje daga Babban Dodo zuwa lungunan bayan fada ya fara cika da faifai, ɗakuna kuma da batir da inbata. Magidanci zai yi wata da watanni yana tara kuɗin faifai da batir, ya yi ta tambayar wane ne mai kyau. Ranar haɗawa kuwa sai a fere waya da haƙori, a murɗa biyu, a naɗe da salatif, a kunna. Ƙwan fitila ya kama, kowa ya ce ma sha Allah, a sallami mai aiki.

Akwai lissafin da ya kamata duk mai sola ya sani. Kayan da ke cin wat 120, idan a wutar gari mai bolt 230 suke, abin da ke bi ta waya rabin amfiya ne da ɗan kaɗan. Idan daga batir mai bolt 12 suke sha, amfiya 10 ne ke bi, kusan ninki 20 ke nan. Zafin da sakakken haɗi ke haifarwa kuwa ba ninki 20 yake ƙaruwa ba, sau ɗaruruwa ne, domin idan wutar da ke bi ta ninka biyu, zafi huɗu yake ninkawa. Saboda haka murɗin da ya yi shekaru lafiya a wayar ƙwan zaure zai iya narkar da roba a gindin batir. Ga kuma wata: tartsatsin wutar batir da faifai ba ya saurin mutuwa kamar na wutar gari, in ya tashi yakan ci gaba da ci. Ƙurar hunturu ta shiga haɗin, zafin bazara ya sassauta shi, damina ta zo ta sa masa tsatsa. Duk wanda ya san cikin ganuwa ya san lungunan da motar kashe gobara ba ta iya shiga, ga gidaje manne da juna, ga silin da katako a sama.

Gyaran da ma'abota jiragen can ke yi wa filoginsu shi ne daidai wanda haɗinmu ke buƙata, kuma babu wani sirri a cikinsa. A yanke waya har sai an kai ga jan ƙarfe mai sheƙi, wanda bai yi baƙi ba. A matse ta cikin kan da aka yi dominta da filaya ta musamman, ko a liƙe da dalma. A zura robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi, ta toshe hanyar ruwa. A ɗaure wayar yadda nauyinta ba zai rataya a kan haɗin ba. A tabbatar ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, don juya su kan ƙone na'ura nan take. Sannan a sa fis kusa da batir, fis na gaske, ba guntuwar waya da aka cusa a gurbinsa ba.

Ba na cikin masu raina masu gyaranmu. Yaran da ke zaune a PZ suna canza bakin cajin waya mai haƙora kamar gashi suna da hannun da ya cancanci girmamawa. Turai ma yanzu take komowa kan abin da ba mu taɓa bari ba: Faransa ta fara tilasta nuna makin sauƙin gyara a kan wasu kayan lantarki a 2021, Tarayyar Turai kuma ta yi dokar haƙƙin gyara a 2024. Abin da ke damuna shi ne gyaranmu yakan tsaya a "ya kama". Kuma rabin laifin namu ne masu ba da aiki. Mai wayarin ya ce a sayo kan waya da fis da waya mai kauri, mu ce ya cika son kuɗi, mu nemo wanda zai yi da rabin farashi. Shi kuma ya sayo wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, wadda ke saurin zafi da karyewa. Araha dai ba ta ado.

Zariya ba ta rasa masu ilimin wannan abu ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da sashenta na injiniyan lantarki, ga Kwalejin Nuhu Bamalli. Me zai hana su buɗe ajin yamma na 'yan makonni, da Hausa, ga masu haɗa sola da ke aiki a cikin birni, a koya musu awon kaurin waya da matse haɗi, a ba su shaidar da magidanci zai iya nema ya gani? Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa duba ayyukan lantarki da tantance masu yin su, ta sa hannu a shaidar. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya kuma ta leƙa shagunan waya a kasuwar Sabon Gari.

Kafin a kai ga haka, duk mai batir a gida ya kunna kayansa da daddare, bayan awa guda ya taɓa robar wayar da ke gindin batir da wadda ke shiga inbata. In ya ji ɗumi ya wuce misali, ko ya ji ƙaurin roba, ya kashe, ya kira mai gyara, ya kuma biya shi kuɗin kayan da ya ce a sayo.