Fim ɗin Fela ba abin koyi ba ne ga masu son ɗaukar tarihin Ɗandawo

Duk lokacin da hira ta biyo ta kan rashin fim ɗin tarihin makaɗan ƙasar Kabi, a Birnin Kebbi ne ko a Argungu, da wuya a rasa mai ɗauko misalin Finding Fela, fim ɗin tarihin mawaƙi Fela, wanda Ba'amurke Alex Gibney ya fitar a 2014. Wai in za a ɗauki tarihin Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani, sawun nan za a bi. Hujjoji uku suke kawowa, kuma babu wadda ta tsaya da ƙafarta.

Suna cewa Gibney gwani ne, ya ci kyautar Oscar. Ya ci, a 2008, amma da fim kan wani direban tasi na Afganistan da ya mutu a hannun sojojin Amurka. Sanin bin diddigin zalunci daban, kunnen kiɗa daban.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Kaso mai yawa na fim ɗin ya tafi ne a kan wasan dandamalin da Bill T. Jones ya shirya, wanda ya hau babban dandalin New York a 2009: ga Sahr Ngaujah yana kwaikwayon Fela, ga masu shiri suna ta muhawara a ɗakin gwaji. Masu kare fim ɗin sun ce dole ce ta sa, hotunan asali sun yi ƙaranci. To ina aka baro Music Is the Weapon, wanda Faransawa suka ɗauka a Legas ya fito a 1982, Fela na raye yana magana da bakinsa? Ina wasan Berlin na 1978 da kyamara ta ɗauka? Gibney ya san da tsofaffin hotuna, har ya tsakura daga cikinsu. Sai dai da kiɗa ya fara ratsa jiki, sai a yanke a koma wurin mai kwaikwayo. Waƙar Fela kuwa takan ɗauki fuskar faifai guda cur, ganga da ƙaho su daɗe suna aiki kafin murya ta shigo. Wanda aka ba daƙiƙa talatin daga cikinta, ƙamshin miya kawai ya ji.

Ta uku ita ce mai haɗari gare mu: wai jagora ne labari, sauran 'yan rakiya ne. Tony Allen ya yi shekara 15 yana kaɗa wa Fela ganga, daga 1964 zuwa 1979, kuma shi ya jagoranci makaɗan Africa 70, ƙungiyar Fela. Bayan Berlin ƙungiyar ta watse kan maganar kuɗi. Adalci a faɗa, an yi hira da Allen a fim ɗin. Amma mai kallo zai tashi ya fi sanin damuwar Jones fiye da abin da hannun Allen ke yi.

Bakabe bai kamata ya yarda da wannan hujja ba ko a mafarki. Waƙar fada aikin taro ce. Jagora ya jefa ɗan waƙa, 'yan amshi su cafe, su yi masa ƙari, su mayar da shi gindi, sanƙira na gefe yana zuba kirari. Wani lokaci jagora rabin zance yake faɗi, na baya su ƙarasa. Cire masu kotso da 'yan amshi daga waƙar Narambaɗa, a ga abin da zai rage. Musa Ɗanƙwairo kansa a bayan wansa Abdu Kurna ya yi amshi kafin ya zama jagora, kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya daɗe yana nuna wannan tsari a rubuce-rubucensa kan makaɗa.

Cutar ma ta riga ta iso gida. A dubi hotunan bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016: kyamara na kan goruna da homa a kogin Matan Fada, sai ƙaton giwan ruwa a kan sikeli. Makaɗan da ke cikin jirgi suna zuga masunta sukan gifta ne kawai, ba suna, ba garinsu. Sani Ɗandawo a Argungu aka haife shi, a Yawuri ya zauna; duk wanda ya rage cikin waɗanda suka yi masa amshi, tsakanin garuruwan nan biyu za a fara cigiyarsa, da rikoda a hannu.