Filin Lafiyar Iyali: Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Zancenmu na yau irin wanda ake rufe fuska da gyale ne kafin a faɗa, to amma shiru a kansa yana cutar da masu jinya.

A ce ke ce a Unguwar Sarki, an sallamo yayarki daga Asibitin Barau Dikko bayan tiyatar haihuwa, ko ƙanwarki mai sikila ta kwana da ciwon ƙashi. Likita ya rubuta Tramadol ko Codeine, ko an yi mata allurar Pentazocine ko Morphine. Ciwo ya lafa, alhamdu lillahi. Sai kwana uku, huɗu, babu bayan gida, ciki ya ɗaure tam, abinci ya fita ranta. Ita kuwa ta yi gum saboda kunya.

Ba wani sabon ciwo ba ne, aikin maganin ne. Waɗannan magunguna yadda suke kwantar da raɗaɗi, haka suke kwantar da motsin hanji. Bahaya ya daɗe a ciki, hanji ya yi ta tsotse ruwansa har ya bushe. Barci da jirin da suke sawa kan ragu bayan 'yan kwanaki, amma taurin nan yana nan muddin ana shan maganin.

Shi ya sa likitoci kan haɗa da maganin sassauta ciki, kamar Lactulose, Bisacodyl ko Senna. Senna ɗin nan dangin filasko ne, sai dai an auna shi. Filaskon da ake jiƙawa a gida ba shi da awo, yana iya jawo murɗar ciki da gudawa ga wadda ɗinkinta bai warke ba. In waɗancan sun gaza, akwai na musamman, irin Methylnaltrexone da aka amince da shi a Amurka a 2008, da Naloxegol a 2014. Su a hanji suke tare aikin maganin, ba sa hana shi kashe raɗaɗi. Sai da takardar likita, kuma ba a ba wanda hanjinsa ya toshe.

Naki aikin, 'yar'uwa, ki tambaye ta a asirce: "Yaya, yau kin zaga kuwa?" Ki yawaita ba ta ruwa, gwanda da lemo, ki riƙa ta ta ɗan taka a tsakar gida. Kada ta bar maganin ciwon da kanta, ku faɗa wa likita ko nas tun a kwana na biyu. In kuwa ciki ya kumbura, ga amai, tusa ma ba ta fita, ko kun ga jini, to maza asibiti, ko da tsakar dare ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.