Baƙon Itace Daga Ostireliya: A Duba Ƙwanso Kafin A Karɓi Iri

Manoma, yau zancenmu a kan wani ƙaramin itace ne baƙo, wanda masana su ke kira Acacia colei. Don sauƙin faɗi bari mu riƙa ce masa kolai. Asalinsa arewacin ƙasar Ostireliya ne, inda ruwan sama ya ke da ƙaranci, rani kuma ya ke da tsawo kamar namu. An kawo shi Afirka ta Yamma don tare iska da samun itacen wuta, ya kuwa karɓi rairayin ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar ƙwarai. Abin da na ke so in faɗa a kansa guda ɗaya ne. Kada manomi ya karɓi irin itacen nan, balle ya kai 'ya'yansa tukunya, sai ya tabbata shi ɗin ne.

Wani zai ce, ina ruwan manomi da sunan da malamai su ka laƙaba wa itace? Ai in ya bushe duk wuta ɗaya za ya ci. To, ga dalili. Dangin itacen nan a Ostireliya sun kai wajen iri 1,000, da yawa cikinsu kuwa kama su ke da juna kamar tagwaye. Su kansu masanan sun daɗe su na ruɗewa. Shekara da shekaru ana shuka kolai a ƙasashenmu da sunan wani ɗan'uwansa, Acacia holosericea, wanda za mu kira holo. Sai a shekarar 1992 wasu masana biyu na Ostireliya, Bruce Maslin da Lex Thomson, su ka rarrabe su, su ka nuna itace biyu ne dabam. Kolai ya fi holo jure fari. Ke nan wanda gonarsa ta ke kan tudu mai ƙarancin ruwa, in aka miƙa masa holo a madadin kolai, ya yi ta ɗawainiyar ban ruwa da shinge, ƙarshe abin da za ya samu bai kai wahalarsa ba.

Yanzu ga kamanninsa. Kolai ba ya zama babban itace. Tsawonsa daga ƙafa 6 zuwa 13 ne galibi, ya na yin rassa tun daga kusa da ƙasa, ya buɗe. In ka hango shi daga nesa sai ka ga ya yi fari-fari, toka-toka, kamar sabara. Ba shi da ƙaya ko ɗaya, da wannan kaɗai ka raba shi da bagaruwa da ɗakwara da farar ƙaya.

Ganyensa shi ne abin mamaki, gama a gaskiya ba ganye ba ne. In iri ya tsiro, ganyen fari da ya ke fitarwa ƙanana ne jere a kan tsinke, irin na bagaruwa. Ba da jimawa ba sai ya daina yin su, tsinken ganyen ya faɗaɗa ya zama kamar ganye, mai kauri, tsawonsa inci 4 zuwa 7, da manyan jijiyoyi kamar uku su na bin tsawonsa. Laushin gashi ya rufe shi, ya na ƙyalli kamar azurfa, sabon toho kuwa ya na da ɗan ruwan ɗorawa. Da wannan dabara itacen ya ke rage asarar ruwa da rani. Mai renon dashe ya lura da wannan, kada ya ga ganye iri biyu a jikin tsiro ɗaya ya zaci ciyawa ce ya tuge.

Duk wannan da na faɗa, holo ma kusan haka ya ke, har furensu rawaya mai kama da 'yar zangarniya. Inda su ka rabu wuri biyu ne, sai a riƙe su da kyau. Na farko ƙwanson 'ya'ya. Na kolai lanƙwasa ya ke yi a buɗe, kamar lauje ko zoben da bai haɗe ba. Na holo kuwa nannaɗewa ya ke yi ya cukurkuɗe, tamkar zaren da kaza ta shiga. Na biyu bakin ganye. Ganyen holo miƙaƙƙe ne, kuma in ka duba can ƙarshensa, gindin ɗan tsininsa, sau da yawa za ka ga wani ɗan tabo kamar kan allura. Na kolai ya kan ɗan karkata wajen baki, ba shi kuwa da tabon nan. Dole a duba duka biyu, domin akwai wani reshen kolai ɗin wanda shi ma ƙwansonsa ya ke nannaɗewa. Ƙwayar kanta baƙa ce ƙarama mai sheƙi, da ɗan tsoka rawaya manne a gindinta. Amma da ƙwaya kaɗai a tafin hannu ba mai iya rantsuwa, ko malamin daji ne.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne abinci. Mutanen Ostireliya na asali tun kakanninsu su na cin 'ya'yan waɗansu itatuwan nan, su niƙa su yi gari. Wajen ƙarshen shekarun 1980 aka lura da yawan 'ya'yan da kolai ya ke zubawa a Maraɗi, inda Tony Rinaudo ya ke aikin raya itatuwa da manoma. Aka gwada, aka tarar abin gina jiki da ke cikin ƙwayar ya haura kashi 20 cikin 100, watau kusa da wake. 'Ya'yan su na nuna da bazara, wajen Maris da Afrilu, sa'ad da rumbu ya fara yin ƙasa, kuma ɓawonsu mai tauri ya kan sa su shekara ba su lalace ba. A shekarun 1990 an gwada garin a kan mutanen da su ka yarda a Maraɗi, da taimakon masanan jami'ar Ile-Ife, shawarar da aka tsayar kuwa ita ce kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na garin tuwo. Akwai wani sinadari a cikinsa mai iya taɓa ƙoda in ya yi yawa. To, wannan awo a kan kolai aka yi shi. Wanda ya ɗebo 'ya'yan kowane baƙon itace mai farin ganye ya ba iyalinsa, ya na cewa ai an ce ana ci, ya yi ganganci.

Saboda haka ra'ayina, ma'aikatan gandun daji da masu raba dashe su daina miƙa wa mutane iri a ƙulle a leda ba suna. Kowane ƙunshi ya zo da sunansa a rubuce, da busasshen ƙwanso da ganye guda na uwar da aka ɗebo shi, manomi ya gani da idonsa. Wannan ba ya cin ko kwabo. Shi ma manomin da zai ajiye iri ya ajiye da ƙwansonsa, ya san gindin da ya tsinko.

Kada kuma ɗokin baƙo ya sa a sare na gida. Kolai gajeren rai gare shi, shekarunsa kaɗan ne ya fara bushewa, ko da ya ke sassabe rassa ya na ƙara masa kwana. Gawo kuwa jika ya kan gāje shi, ya na zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana. Wurin kolai bakin gona ne, a jere, ta inda iska ta ke kaɗowa. Mai son shukawa ya tsoma irin cikin tafasasshen ruwa minti ɗaya tukuna, in ba haka ba taurin ɓawon za ya hana shi tsirowa da wuri.