Rawanin Baba Ya Faskari Naɗawa

'Yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, hutu ya ƙarato, ba da jimawa ba kuma tashoshin mota za su cika maƙil da masu haramar gida. Da yawa daga cikinmu ba su kaɗai za su tafi ba. Wani za a haɗa shi da ƙannensa, wata da 'ya'yan yayarta, wani kuwa nasa ne na cikinsa. Abin da ya zama ruwan dare a yau shi ne, da zarar direba ya ta da mota, yaro ya soma mutsu-mutsu, sai a zaro wayar hannu a miƙa masa, a ce an huta. Ni dai a ganina ba yaron aka taimaka wa ba, babban ne ya sayi shiru, ya kuma saye shi da tsada.

Tsadar tana somawa ne daga jiki. Idan yaro ya ƙura wa waya ido a cikin mota, idonsa na shaida wa ƙwaƙwalwa cewa a zaune yake cik, alhali kuwa can cikin kunnensa, inda ma'aunin daidaiton jiki yake, ana jin kowace kwana da kowane rami. Wannan saɓani shi ke haddasa jiri da tashin zuciya, har ta kai ga amai a jikin fasinjan da bai ji ba bai gani ba. Bugu da ƙari, a shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban irin waɗannan na'urori, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa 1 a yini. To, wace mota ce za ta kai mutum Kaduna daga Kano, tafiyar fiye da kilomita 200, a cikin awa guda?

Amma babbar hasarar ita ce hanyar kanta. Mu ɗauki wannan hanya ta Kano zuwa Kaduna. Kafin a yi nisa za a ratsa Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanai yana shayar da shinkafa da alkama da tumatir, har a tsakiyar rani ƙasa kore shar. Yaron da ya ga wannan lalle zai tambaya, daga ina ruwan yake zuwa alhali ba damina? Ga kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, ga Kwanar Ɗangora, ga Tashar Yari, ga Zariya ta Zazzau mai ganuwa da dutsen Kufena. Kowane suna da labarinsa. Ɗalibin da ya kwana yana haddar tarihi da labarin ƙasa don cin jarrabawa, in ya kasa bayyana wa ƙaninsa ɗan shekara bakwai abin da ke wucewa ta taga, to, akwai sauran aiki a kan iliminsa.

Wasannin da za a yi kuwa ba sa bukatar ko sisin kwabo. A raba wa yara taga, na dama ya ƙirga garken shanu, na hagu ya ƙirga manyan motoci, a ga wanda zai fara kai ashirin. Wanda ya soma karatu a sa shi ya karanta rubutun da ke jikin motocin kaya, ko ya canki garin mota daga haruffa uku na lambarta, wato kamar ZAR ta Zariya. In ido ya gaji, sai a koma ga baki. Ka ce wa yaro, "Rawanin baba ya faskari naɗawa," ka bar shi ya yi ta lalube, amsar tana shimfiɗe a gabansa: hanya. Ka bi shi da shanu dubu masu maɗauri ɗaya, ka ga ko zai tuna da tsintsiyar gidansu. Sa'an nan a kira Gizo da Ƙoƙi. Na san akwai camfin nan na cewa mai tatsuniya da rana zai ɓata, amma ai direba ne ke riƙe da sitiyari, ba mai tatsuniya ba.

Wani zai ce, ai littafi ya fi. Haƙiƙa littafi abokin tafiya ne a jirgin ƙasa, kamar na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, inda girgiza ba ta da yawa. A mota kuwa karatu na jawo irin jirin da waya ke jawowa. Abin da ya fi shi ne babba ya karanta labari ɗaya ko biyu daga Magana Jari Ce ta Abubakar Imam tun daren jajibirin tafiya, ya zo ya ba da su da ka, yana tsayawa a inda labari ya yi daɗi har sai an wuce gari na gaba.

Ban ce abin ba wahala ba. Mai rungume da jariri, an matse ta a kujerar baya su huɗu, ga zafi ga jaka a cinya, ba wanda zai zarge ta in ta nemi sauƙi. Magana ta da kai ce, ɗan jami'ar da ke zaune kusa da ita, ka toshe kunnuwa da waƙa, ga kuma babban ɗanta yana ta leƙen taga yana neman wanda zai gaya masa sunan garin da aka wuce.