Kyamara a gonar mutum: Inda dokar Amurka ta taka wa jami'an tsaro birki, da inda ta sakar musu mara

A watan Mayun 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Jihar Tennessee da ke Amurka ta yanke wani hukunci da bai yi amo sosai a wajen ƙasar ba, duk da cewa ya taɓo tambayar da ta daɗe tana raba kan alƙalai: shin jami'in gwamnati yana da ikon shiga filin mutum ba da saninsa ba, ya ɗaura kyamara a jikin bishiya, ya tafi ya bar ta tana ɗaukar duk wanda ya gitta, ba tare da ya karɓi sammacin bincike daga kotu ba?

Waɗanda suka shigar da ƙarar mutum biyu ne masu gonaki a yankin Benton. Kowannensu ya tsinci kyamara a ɓoye a cikin filinsa, kuma daga baya ta tabbata cewa jami'an kula da namun daji ne suka ɗaura ta domin kama masu karya dokar farauta. Hukumar kula da namun daji ta jihar ta kafa hujja da wata dokar jiha da ta ba ma'aikatanta damar shiga kowane fili, in ban da gine-gine, a duk lokacin da suka ga dama. Kotun ta ce yadda aka yi amfani da wannan doka a kan mutanen biyu ya saɓa wa kundin tsarin mulkin jihar, har ta kwatanta abin da yadda jami'an kwastam na Turawan Ingila suke kutsawa cikin dukiyar mutane a birnin Boston zamanin mulkin mallaka. Hukumar ba ta ɗaukaka ƙara ba.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan ba abin kai ruwa rana ba ne, tunda gona tana da mai ita. Abin mamakin shi ne, a ƙarƙashin dokar tarayyar Amurka akasin haka ne yake aiki, kuma ya shekara ɗari yana aiki.

Tushen maganar yana cikin gyara na huɗu da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791. Gyaran ya haramta binciken da ba shi da dalili a kan abubuwa huɗu: jikin mutum, gidansa, takardunsa da kayansa. Bai ambaci gona ko daji ko makiyaya ba. A 1924, a shari'ar da ake kira Hester, wadda ta shafi masu sayar da barasa ta haramtacciyar hanya a Jihar South Carolina, Mai Shari'a Oliver Wendell Holmes ya rubuta gajeren hukunci a madadin Kotun Ƙoli cewa kariyar da aka yi wa gida ba ta kai ga buɗaɗɗen fili ba. Daga nan aka samu ƙa'idar da lauyoyi suke kira ta buɗaɗɗen fili.

Sunan yana yaudara. A 1984, a shari'ar Oliver, 'yan sandan Jihar Kentucky sun wuce gidan wani mutum a mota, suka tarar da ƙofar gona a kulle, da allon gargaɗi cewa ba a shiga, suka zagaye ƙofar da ƙafa, suka yi tafiya har suka iske shukar tabar wiwi fiye da mil guda daga gidan. Alƙalai shida cikin tara suka ce babu laifi a nan. A fahimtarsu, fili yana iya zama mai shinge da kwaɗo da allon gargaɗi, ko ma kurmi ne da ba a hango cikinsa daga ko'ina, amma a idon doka sunansa buɗaɗɗe. Mai Shari'a Thurgood Marshall, wanda ya jagoranci waɗanda suka ƙi amincewa, ya nuna cewa a jihohi da dama shiga irin wannan wuri laifi ne ga kowane ɗan ƙasa, ya kuma ga rashin dacewar a halatta wa ɗan sanda abin da za a hukunta maƙwabci a kansa. Abin da kawai aka keɓe shi ne harabar gida, wato farfajiya da abin da ke manne da rayuwar iyali ta yau da kullum. A 1987 kotun ta fayyace yadda ake gane harabar, ta hanyar duba kusancin wuri da gida, ko yana cikin shingen da ya kewaye gidan, abin da ake yi a wurin, da irin matakin da mai gida ya ɗauka don kare shi daga idon masu wucewa. A wannan shari'a, wata rumfar ajiya da ke tazarar kimanin yadi 60 daga gida ta faɗa waje. Cibiyar lauyoyi ta Institute for Justice, wadda ta tsaya wa mutanen Tennessee, ta yi ƙiyasi a 2024 cewa kusan kashi 96 cikin 100 na filayen da ke hannun jama'a a Amurka suna wajen wannan kariya.

Duk waɗannan hukunce-hukunce an yi su ne da hoton mutum a zuciya: jami'i mai ƙafa biyu da ido biyu, wanda zai shiga, ya duba, ya fita, domin yana jin yunwa, yana gajiya, kuma albashinsa da man motarsa suna cin kuɗin hukuma. Tsadar sa ido ita kanta wani shinge ce, ko da ba a rubuta ta a doka ba, domin ba wata rundunar da za ta ajiye ɗan sanda wata shida a gindin bishiya saboda ƙaramin zato. Kyamarar da ake ɗaurawa a bishiya ta rushe wannan shinge. Kuɗinta kaɗan ne, tana farkawa da zarar ta ji motsi, tana gani cikin dare, wasu ma suna aika hoto kai tsaye zuwa wayar jami'i. Ga shi kuma ba ta mantuwa.

Da kotunan tarayya suka ci karo da wannan sabon abu, sai suka auna shi da tsohon mudu. A 2009 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta shiyya ta huɗu ta saurari ƙarar wani manomin kabeji a Jihar Virginia, wanda jami'an namun daji suka ɓoye wa kyamara a gonarsa, ta ɗauke shi yana kashe shaho da ya faɗa tarkonsa, tsuntsun da dokar tarayya ta hana kashewa. Alƙalan sun amsa cewa kyamara mai ɗaukar mutum a filinsa abu ne mai tayar da hankali, amma suka ce tunda jami'an suna da ikon tsayawa a wurin da kansu su gani da idonsu, ajiye na'ura ta gani a madadinsu bai canja komai ba. A 2012 wani alƙalin tarayya a Jihar Wisconsin, William Griesbach, ya bi wannan sawu, ya amince da hotunan da jami'an yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka ɗauka da kyamarorin da suka dasa a wani fili mai eka 22, kafin su samu sammaci.

A ganina a nan ne hujjar ta yi rauni. Cewa abin da ido zai iya yi na minti goma, na'ura za ta iya yi na wata goma, daidai yake da cewa tunda an yarda maƙwabci ya ɗebi guga ɗaya a rijiyarka, to yana da ikon kafa inji ya zuƙe ta. Yawa yana canja yanayin abu. Wanda ya kalli ƙofar gidan mutum sau ɗaya ya ga ƙofa ne kawai. Wanda ya kalle ta dare da rana har shekara ya san lokacin fitar mai gida da na dawowarsa, ya san baƙinsa, ya san ranar da likita ya zo da ranar da matar gida ta yi yaji.

Ita kanta Kotun Ƙoli ta karɓi wannan tunani a wani fagen. A 2012 ta ce manna wa motar wanda ake zargi na'urar bin sawu, wadda aka bi shi da ita kwana 28, bincike ne a idon doka. A 2018, a shari'ar Carpenter, alƙalai biyar cikin tara suka ce karɓar bayanan wuraren da wayar mutum ta zaga na tsawon kwana 127 daga kamfanin sadarwa yana buƙatar sammaci. Sai dai Alƙalin Alƙalai John Roberts ya yi saurin cewa hukuncin bai shafi hanyoyin sa ido da aka saba da su ba, kuma ya ambaci kyamarorin tsaro a cikinsu. Wannan jimla guda ita ce lauyoyin gwamnati suke fakewa da ita har yau.

Akwai kuma reshe na biyu na rikicin, wanda ya fi shafar mazauna birni. A nan jami'ai ba sa taka filin mutum ko kaɗan. Suna hawa turken wutar lantarki da ke bakin titi, su ɗaura kyamara mai juyawa da zuƙo hoto, su saita ta a kan gidan da suke so. A Jihar Illinois an sa wa gidan wani da ake zargi da fataucin ƙwayoyi kyamara uku na kusan wata 18. A 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta shiyya ta bakwai ta ce hakan bai saɓa wa doka ba, ko da yake ta cika hukuncin nata da gargaɗi game da inda fasaha ta nufa. A shekarar nan dai Kotun Ƙolin Jihar Colorado ta ce kyamarar da ta yi fiye da wata uku tana leƙa bayan dogon shingen wani gida bincike ne da ke buƙatar sammaci, kamar yadda takwararta ta Massachusetts ta riga ta yanke a 2020. A 2022 alƙalan shiyya ta ɗaya su shida suka rabu uku da uku a kan kyamarar da ta yi wata takwas. Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar ƙarar Illinois, ta kuma ƙi karɓar ta shiyya ta ɗaya. Sakamakon haka, haƙƙin Ba'amurke a wannan batu ya dogara ga jihar da yake zaune, da kuma ko jami'in da ya ɗaura kyamarar na jiha ne ko na tarayya.

To me ya sa Tennessee ta bambanta? Kalma ɗaya ce. Inda kundin tarayya ya yi amfani da kalmar da aka fassara da kayan da mutum yake iya ɗauka, kundin Tennessee ya yi amfani da kalmar da ke nufin abin da mutum ya mallaka, kuma tun 1926 kotunan jihar suka ce ƙasa tana ciki, matuƙar ana amfani da ita, ba saura ce da aka yi watsi da ita ba. Jihohi irin su New York, Montana, Oregon, Vermont, Washington da Mississippi su ma sun ƙi bin ƙa'idar buɗaɗɗen fili a ƙarƙashin nasu kundin. Amma nasarar tana da iyaka, domin kundin jiha ba ya ɗaure jami'in tarayya.

Dole a yi wa jami'an adalci. Namun daji a Amurka dukiyar al'umma ce, ko da a filin wa suke kiwo, kuma mafi yawan farauta a wasu jihohi a filayen jama'a ake yin ta. Mai farautar sata ba ya aika goron gayyata, kuma wanda ya shuka wiwi a tsakiyar daji ya zaɓi wurin ne don kada a gani. Sai dai hukuncin Tennessee bai hana bincike ba. Abin da ya ce shi ne a nemi yardar mai fili, ko a je gaban alƙali a faɗi dalilin zargi a karɓo takarda. Amfanin takardar ba wahalar da ɗan sanda ba ne. Ita ce take tilasta a rubuta wane ake zargi, da me, a wane wuri, kuma har zuwa yaushe, ta yadda gobe za a samu wanda za a tambaya.

Ga mai karatu a Najeriya, inda jama'a suke roƙon a ƙara sa ido a dazuzzukan da 'yan bindiga suka mamaye, wannan muhawara tana iya kama da kukan daɗi. Amma rubutun dokarmu yana da irin wannan giɓi. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa, gidajensu, wasiƙunsu, maganganunsu ta waya da saƙonninsu na tangaraho. Shi ma bai ambaci gona ko rumbun ajiyar kaya ko bayan shago ba, kuma Sashe na 45 ya ba da damar taƙaita wannan haƙƙi da doka saboda tsaro da zaman lafiya. Ƙa'idojin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fitar a 2019 sun tanadi neman izinin alƙali kafin a saurari wayar mutum, amma batunsu sadarwa ne, ba kyamarar da aka ɗaura a bishiya ko a turken lantarki ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuwa ta sassauta wa hukumomin da ke binciken laifi da na tsaron ƙasa da yawa daga cikin sharuɗɗanta.

Babban bambancin yana wajen abin da ke faruwa da hoton idan an kai shi kotu. A Amurka, idan aka tabbatar an karya gyara na huɗu, yawanci ana watsi da shaidar, shi ya sa lauyoyi suke fafatawa a kan kowane taku. A Najeriya, Sashe na 14 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce shaidar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba karɓaɓɓiya ce, sai idan alƙali ya ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta, kuma Sashe na 15 ya lissafa abubuwan da zai duba, ciki har da girman laifin da ake tuhuma da ko an karya dokar ne da gangan. Ke nan ɗan kasuwar da aka saita wa kyamara a kan rumbunsa na wata shida ba tare da takarda ba zai shiga kotu ne da nauyin shawo kan alƙali a wuyansa, yayin da mai gabatar da ƙara yake riƙe da hoton a hannu.