Takobin Da Ya Kauce Wa Ƙirji

 Wataƙila wadansu su yi mamakin ganin mun kawo maganar littafin zane na ƙasar Japan a wannan fili. A yi mana haƙuri. Wani ɗanmu ne ya riƙe mu da labarin wata rana bayan lisha, muka saurara don kada mu gwale shi, sai muka tarar da wata mas'ala a ciki wadda malaman fiƙihu suka daɗe suna magana a kanta. Dama irin wannan labari ba baƙonmu ba ne, domin zamanin da muke karatu a ƙasar Larabawa kusan kowane yaro ya san Grendizer, wanda aka juya da Larabci.

Mutanen Japan suna da daɗaɗɗen jerin labarai mai suna Gundam, wanda aka fara a 1979. Ana yaƙi a cikinsa da mutum-mutumin ƙarfe mai tsawon kimanin mita 18, matuƙi yana zaune cikin wani ɗan ɗaki a gangar jikinsa. Reshen da muke nufi shi ne Gundam SEED, wanda aka nuna a talabijin daga 2002 zuwa 2003, Masatsugu Iwase kuma ya mai da shi littafin zane, irin wanda suke kira manga, juzu'i 5. Yaƙin tsakanin mutanen doron ƙasa ne da wasu mutane mazauna sararin samaniya waɗanda aka gyara halittarsu tun kafin haihuwa.

Jarumin labarin yaro ne ɗan shekara 16, sunansa Kira Yamato. Cikin abokan gabansa akwai wani matashi mai zafin rai, Izak. A wata karawa Kira ya yi masa rauni a fuska, shi kuwa ya ƙi yarda a share tabon, wai sai ya ɗauki fansa. Daga baya, a gaban idon Kira, Izak ya harbe wani jirgi da ke ɗauke da 'yan gudun hijira, yana zaton sojoji ne masu tserewa. Cikin waɗanda suka halaka har da wata ƙaramar yarinya da ta taɓa ba Kira kyautar furen takarda.

Sai kwana ya kawo su Alaska. A wannan karon Kira yana tuƙa sabon ƙarfe wanda ya fi na Izak ƙarfi nesa ba kusa ba, ya kuma zo ne yana shela ga ɓangarorin biyu su gudu, domin manyan sojojin ƙasa sun binne wata na'ura da za ta ƙone nasu da na abokan gaba baki ɗaya. Izak bai saurara ba, ya auka masa. Kira ya zare takobin wuta, ya nufi ɗakin matuƙi, sa'an nan a daidai lokacin sara ya karkata hannu ya datse ƙafafun ƙarfen, ya bar mai shi da rai.

Nan ne muka dakatar da yaron, muka ce ya maimaita mana. Domin sassauci ga wanda bai yi maka kome ba abu ne mai sauƙi. Wannan kuwa mai laifi ne, laifin a gaban idonka aka yi shi, ga shi a hannunka, ba mai tuhumarka in ka gama da shi. Abin da Kira ya yi shi ne raba makami da mutum: ya karya abin da ake cutarwa da shi, bai naɗa kansa alƙalin jinin yarinyar ba. Mu a ganinmu haƙƙinta bai faɗi ba, amma wurin nemansa gaban shari'a ne, ba bakin takobin wanda zuciyarsa ke tafasa ba.

Marubutan sun nuna ribar wannan. A yaƙin Panama da ya biyo baya, mutanen Izak suka kashe injunan abokan gaba, sa'an nan suka shiga harbe sojojin da suka ɗaga hannu. Izak ya ƙyamaci abin, ya ƙi sa hannu. Wanda ya ɗanɗani zama cikin ƙarfen da ba ya motsi, shi ya gane halin na gabansa.

Masu karatu sun san labarin Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu. Bayan buɗe Makka a shekara ta 8 bayan Hijira ya zo ya musulunta, Manzon Allah (S.A.W.) ya karɓi Musuluncinsa, amma ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. An bar masa ransa, ba a kuma ɓoye cewa ciwon yana nan ba. Wannan Wahshi ɗin shi ya jefi Musailamu da mashi a yaƙin Yamama.

Sai dai za mu yi ha'inci in muka tsaya nan, kuma masu labarin ma ba su tsaya ba. A kashi na biyu, wanda aka nuna daga 2004 zuwa 2005, wani matuƙi mai suna Shin Asuka ya zauna ya yi nazarin yadda Kira yake yaƙi, ya lura ba ya taɓa nufar ɗakin matuƙi, sai hannu da ƙafa da makami. Da wannan sani ya kayar da shi, ya ragargaza ƙarfensa, Kira ya sha da ƙyar. Watau sassaucin da ya zama ɗabi'a wadda kowa ya haddace, sai da ya koma ƙofar da aka shigo masa.

Wannan ne ya sa shari'armu ba ta ɗaure shugaba da hukunci guda ba. Aya ta 4 a Suratu Muhammad ta ambaci sakin kamammu kyauta ko karɓar fansa, malamai kuma suka ce shugaba ya dubi maslaha. Abu Azza, mawaƙin Ƙuraishawa, an kama shi a Badar, ya kawo kukan talauci da 'ya'ya mata, aka sake shi ba fansa bisa alkawarin ba zai sake taimakon kowa a kan Musulmi ba. Da shekara ta kewayo ya koma yana zuga ƙabilu da waƙa, ya fito Uhudu. Aka sake kama shi, ya sake roƙo, ba a amsa masa ba.

Mun tambayi ɗan namu ko Kira ya canja hali bayan kayen da ya sha. Ya ce a'a, da aka ba shi wani sabon ƙarfe, hannu da ƙafa ya ci gaba da sara.