Zancen Kasuwa: Akwati Biyu, Waya Guda



Kwanan baya wani aminina ɗan kasuwa, mutumin Dungas, wanda ya daɗe yana safarar kaya daga kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, ya tsare ni a tashar Magarya da wata tambaya. Ya sa kafinta ya haɗa masa akwatuna biyu na katako, kowane tsayin mutum. Mai gyaran rediyo kuma ya dasa tele a fuskar kowane, ya sa sandar juyawa da maɓallai, ya ɓoye 'yar ƙaramar kwamfuta a ciki. Yara na biya suna wasa, Alhaji na samun na cefane. Ya ce mini: "Malam, yaran nan sun hana ni sakat, wai in haɗa akwatunan da waya domin su kara da junansu. Riba zan saya da kuɗina, ko fitina?" Na yi masa alkawarin amsa a wannan fili, domin na san ba shi kaɗai tambayar ke damu ba.

Da farko ya kamata mu san asalin abin. A shekarar 1972 kamfanin Atari na Amurka ya ajiye akwatin wasa mai suna Pong a wani shagon shaye-shaye na jahar Kalifoniya, ba a jima ba ya tsaya cik. Da aka buɗe, sai aka tarar ma'ajiyar kuɗi ce ta cika maƙil da tsaba. Daga nan Japanawa suka karɓi sana'ar: Taito ya fito da Space Invaders a 1978, Namco ya fito da Pac-Man a 1980. A waɗannan biyun, mutum da na'ura yake fafatawa. A 1987 Namco ya fito da tseren motoci mai suna Final Lap, inda ake jera akwatuna huɗu masu kujera bibbiyu, a haɗa su da waya, mutum takwas su yi tsere guda a lokaci guda. Sega ya biyo da Daytona USA a 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, shi ma har mutum takwas. Kamfanonin nan sun gane abin da kakanninmu suka daɗe da sani: ba a yin dara da kai kaɗai, kuma kokowa ba ta daɗi sai da abokin karawa da 'yan kallo.

Abin da ya sauko da wannan sana'a daga hannun manyan kamfanoni zuwa hannun kafintan unguwa abu biyu ne. Na ɗaya, a 1997 wani Ba'italiye mai suna Nicola Salmoria ya ƙirƙiro manhajar MAME, wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi cikin tsofaffin akwatunan nan. Na biyu, a 2012 aka fito da Raspberry Pi a Ingila, kwamfutar da ba ta wuce tafin hannu ba, a kan dalar Amurka 35. Saura katako, tele da maɓallai, waɗanda duk ba su gagari kasuwannin Kano da Damagaram ba.

To, yaya haɗin yake aiki? Mutane da yawa sun zaci hoto ne ke gudu cikin wayar daga wannan akwati zuwa wancan. Ba haka ba ne. Kowane akwati yana tafiyar da nasa wasan, abin da suke aika wa juna labari ne kawai: wane ya danna maɓalli kaza, motar wane ta kai wuri kaza. Akwati guda ne mai masauki, sauran baƙi ne da ke bin lissafinsa. Saboda haka tilas manhajar da ke ciki ta zama iri ɗaya, bugu ɗaya. In aka sami bambanci ko ƙanƙane, sai wannan yaro ya ga ya ci, wancan ma ya ga ya ci, mai shago ya rasa wanda zai ba gaskiya. Wayar da ake amfani da ita irin ta haɗa kwamfutocin ofis ce, wadda ma'aikata suka sani da Ethernet, kuma tana kai mita 100 ba tare da ta raunana ba. Akwati biyu waya guda ta ishe su. In sun kai uku ko huɗu sai an sa ƙaramar na'urar rarraba wayoyi a tsakani.

Abin lura a nan shi ne sauri. Yawancin wasannin nan suna sauya hoto sau 60 cikin daƙiƙa guda. In labari ya makara da hoto uku ko huɗu, hannun mai wasa zai ji, ya ce an cuce shi. Cikin shago guda, ta waya, jinkirin bai kai a ambata ba. Amma wanda ya yi mafarkin haɗa akwatin Magarya da na Dungas ta layin salula, ya sani jinkirin zai ninka sau da yawa, kuma yana hawa yana sauka. Shawarata, a tsaya ga waya da ɗaki guda.

Akwai kuma gaskiyar da mai sayar da kaya ba zai faɗa wa Alhaji ba. Wasan ƙwallo da wasan dambe ba su buƙatar akwati biyu. Sanda biyu a akwati guda sun wadatar, tun da duka 'yan wasan fili guda suke kallo. Haɗi yana da amfani ne a tsere, inda kowa ke buƙatar ganin tasa hanyar. Bugu da ƙari, MAME kyauta ce, amma tsofaffin wasannin da ake zuba mata dukiyar kamfanoninsu ce, mai neman halal ya kula da wannan. Akwai wasannin da masu su suka sake wa duniya kyauta, kamar tseren SuperTuxKart, wanda tun 2019 ake iya haɗa shi tsakanin kwamfutoci.

Sai maganar kuran. Raspberry Pi 4 ba ta wuce wat 15, tele mai inci 32 ta zamani kuma tana cin wajen 40 zuwa 50. Akwati biyu ke nan ba su wuce wat 130 ba, kuma aikin awa shida bai kai kilowat-awa guda ba. Cin kaɗan ne, amma yana son wutar da ba ta ƙiftawa. Ɗaukewar wuta ta daƙiƙa guda tana kashe tsere, tana iya lalata katin da manhaja ke ciki, ta kuma bar yara takwas kowa na neman a mayar masa da kuɗinsa. Mu mutanen jahar Damagaram ba mu manta ba: wutarmu ta layin Katsina take zuwa, kuma cikin Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke ta bisa takunkumin CEDEAO, ba ta dawo ba sai Maris 2024. Saboda haka kafin Alhaji ya sayi waya, ya fara sayen batiri da faifan hasken rana.

Yanzu mu zo ga riba da fitina. A ce tsere guda dala goma ne, wato sefa 50, a ce kuma ana yin tsere goma cikin awa guda. Akwati biyu haɗe za su kawo jika guda a awa, kuma ba za su zauna banza ba, domin wanda aka kayar ba ya tafiya gida sai ya rama. Nan ribar take, nan kuma fitinar take. Yaron da ke wasa da na'ura yakan gaji ya tafi. Yaron da ɗan unguwarsu ya kayar gaban jama'a zai nemi kuɗin ramuwa ko daga ina: kuɗin karin kumallo, kuɗin cefanen uwa, cinikin tallan ƙanwa. Bayan ramuwa sai 'yan kallo su fara cewa "na sa dala ashirin a kan wane", shagon wasa ya koma gidan caca mai shi na zaune yana ƙirga tsaba. Na taɓa ganin wani mushe ya bar aji ya bi sawun ɗalibansa uku har ƙofar irin wannan shago, ana saura wata guda jarrabawar BEPC. Mai shagon ya ce shi bai kira kowa ba. Gaskiya ne bai kira ba, amma ai ya karɓi kuɗin.

Amsata ga Alhaji ita ce ya haɗa, amma bisa sharaɗi uku. Na farko, ƙofa a rufe lokacin lakwal da makarantar allo, a kuma kashe na'ura in an kira salla. Na biyu, duk wanda aka kama yana zuba kuɗi a kan wani, a kore shi, ko ɗan wane ne. Na uku, ba bashi, ba jingina: yaron da ya kawo salula ko agogo a maimakon kuɗi, a kai shi gaban ubansa. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Wanda ya ci kuɗin yaran unguwa, tarbiyyarsu ta hau kansa.

Ga ma'aikatan magajin gari kuma, masu zuwa karɓar patanti, ina roƙo su riƙa duba abin da ke gudana cikin shagon, ba rasit kaɗai ba. Hani ba zai yi magani ba, domin wasan yana cikin salular kowane yaro, inda ba mai ganinsa. Gara a fili, gaban manya.

Akwai ma alherin da ban so mu yi sakaci da shi. Akwatin da aka ƙera a gida kuɗinsa na zama a gida: kafinta ya ci, mai walda ya ci, mai gyaran rediyo ya ci. Yaron da ya iya haɗa akwati biyu su yi magana da juna ya riga ya koyi aikin da ake kiran gwani daga Damagaram ya yi wa ofisoshinmu. Alhaji ya ɗauki biyu daga cikin yaran da suka fi naci, ya miƙa su ga mai gyara su koyi buɗe akwatin da rufe shi. Tun da aka cire Dungas daga Magarya aka yi mata tata gunduma a 2011, garuruwan biyu ke kallon juna kallon wa da ƙane. In hutun ƙarshen shekara ya zo, ba laifi a ɗora akwatunan a mota, yaran Dungas da Malawa su zo su kara da na Magarya da Bande, kyautar zakara kuma ta zama littattafai da kuɗin koyon sana'a.

Alhaji, ka ji amsata. Allah ya sa albarka cikin nema, ya shirya mana zuriya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.